Zanen Inna

Ƙanwata ta tashi da farfaɗiya. A gidanmu na Dogarawa ba a kiran sunan ciwon, sai a ce abin ya zo. In ya zo, Inna kan kwance zanen da ta yafa ta rufe ta ruf, ta ɗora kanta bisa cinya, don kada idon maƙwabta ya gan ta a wannan hali. Ni kuma in wanke allo a ba ta rubutu ta sha.

Da ciwon ya fi ƙarfin ƙwayoyi, likitan Ƙonni ya tura mu Yamai, daga can aka ƙetare da mu wani babban asibiti. Suka ce ana iya yi mata aiki a kai, amma sai sun ga daidai inda wutar ƙwaƙwalwa ke ɓarkewa. Aka tsefe mata kitso, aka manna wayoyi a fatar kai, aka rage magani. Na'ura na ta jan layuka, ga kyamara a bango. Wata likita ta ce yanzu sai mu jira abin ya zo.

Inna ta ce, "Mi? Mu jira shi kamar baƙo?"

Da hantsi abin ya zo. Kafin kowa ya motsa Inna ta lulluɓe ta, ta jawo kan zuwa cinyarta. Wayoyi suka zube. Kyamara ba ta ɗauki komai ba sai zane.

Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Hajiya, in ba mu gani ba, ba za mu taɓa ta da wuƙa ba."

Muka sake zaman jira. A sujada na roƙi Allah ya kawo abin da na shekara ina roƙon ya kawar.

Da ya dawo, ni na riƙe hannuwan Inna. Ta yi ta fizga tana cewa, "Sake ni, ɗan nan, ɗiyata ta!" Ban sake ta ba. Muka tsaya muka kalli fuskar da ba mu taɓa kallo ba tana murɗewa.

Sun sami wurin, sama kaɗan da kunnen hagu. An yi aikin, alhamdulillahi, yau ƙanwata na hura wuta ita kaɗai. Inna kuwa har ta koma ga Mahalicci ba ta ƙara miƙo mini abu hannu da hannu ba. Sai ta ajiye ƙasa, in ɗauka.