Murjanin Iya

Shekara ashirin da wani abu na yi ina dillancin kayan mata tsakanin Nguru da Gashuwa, kuma ba yabon kai ba, a kan murjani babu wadda ta kama ƙafata. Zinare kowa ya san inda zai kai a duba masa. Amma murjani da duwatsun tsakiya da tsofaffin tasoshin da aka gada kaka da kakanni, sai an nemo ni. In ɗora ƙwayar a haƙori in ji sanyinta, in jinjina ta a tafin hannu, in na yi shakka in sa allura a garwashi in dangwala mata. Na gaske ko gezau ba zai yi ba, na roba kuwa nan take zai lotsa ya yi ƙauri. Ga ni da baki ba linzami. Mata nawa suka zo min da ƙullin tsumma, na ce, "Baiwar Allah, kai wa jikarki ta yi wasan 'yar tsana da shi." Gani nake ai gaskiya na faɗa, to sai me?

Akwai wata tsohuwa a Gashuwa, asalin mutanen Haɗeja, kowa Iya yake ce mata. Tana da murjani igiya uku, manya, jajur, gadon kakarta. Duk unguwar an san da shi, don ranar biki in ta sa a wuya har leƙe ake yi. 'Ya'yanta uku, namiji ɗaya da mata biyu.

Wata damina a farkon shekarun casa'in motar barkonon ɗan nata ta kife a hanya, kaya suka jiƙe, jari ya karye. Iya ta aika aka kira ni daga Nguru. Ta sakaya ƙofa ta ce, "'Yar nan, zan cire wasu ƙwayoyi ki saya. Ki samo min masu kama da su ki shirya min a gurbinsu. Amma ki rantse har in mutu babu mai ji."

Na rantse. Na samo na roba masu kyau daga Kano, na shirya mata da hannuna. Ta ba ɗanta jari ta ce masa adashi ta kwasa. Daga nan abin ya zama jiki. Auren jika ya taso, a kira ni. Ruwa ya cinye gonar shinkafa, a kira ni. Kuma bari in faɗi wadda ban taɓa faɗa ba: ban taɓa ba ta kuɗin da na san kayan sun kai ba. Na san ba ta da inda za ta je ta taya, tunda asiri take so ya rufu.

Daga baya ɓarin jikinta ya shanye. Wadda ta yi jinyarta 'yar ƙanenta ce da ta riƙe tun tana ƙarama, tun da jimawa mijinta ya rasu ta dawo gidan da 'ya'ya biyu. Ita ce wanka, ita ce wanki, ita ce kwasar kashi da fitsari, shekara uku cur. Makullin akwatin Iya ma a haɓar zanenta yake. Ko a kwance Iya ta sa an kira ni sau ɗaya, ta karɓi makullin ta aiki mai jinyar chemis, na cire manyan na gaske da suka rage, na sake zare gaba ɗaya don tsohon ya ruɓe.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado. Malamai suna zaure, aka ce kayan mata sai an sa musu kuɗi tukuna, aka aiko min. Wallahi da na sani da na ce zazzaɓi nake yi. Amma na yafa gyale na shiga mota, ina gaya wa kaina zan san yadda na yi.

Ina zama babbar 'yar ta turo min kaskon wuta. "Hajiya, yi mana gwajin nan naki, kowa ya gani da idonsa."

Na yi tunanin in ce ba sai an gwada ba. To amma gobe wadda ya faɗa a rabonta za ta kai kasuwa, a ce wance ce ta duba ta ce na gaske ne. Sunana kenan ya mutu. Na ɗauki allura na dangwala. Ƙauri ya tashi. Na sake a wata ƙwayar, haka. Igiya uku, ƙwayoyin gaske ba su cika tafin hannu ba.

Ƙaramar ta ɗora hannu a ka tana salati. Aka kira yayansu daga zaure, ya shigo yana huci, shi da aka sayar da rabin kayan dominsa. Ya ce, "Wa ke riƙe da makulli?"

Mai jinyar ta ce, "Ni ce, Yaya."

"To ina murjanin uwarmu?"

Ta ce ba ta sani ba, ta ce a kawo Alƙur'ani ta dafa. Ya ce wanda ya iya yi wa mara lafiya sata ai rantsuwa ba komai ba ce a wurinsa. Nan babbar ta juyo ta miƙo min igiyar. "Hajiya, ke ce masaniya. Zaren nan tsoho ne ko sabo?"

Na ce, "Sabo ne. Bai fi shekara biyu ba."

Ba ƙarya na yi ba, ni na saye shi, ni na zura shi. Amma da wannan maganar aka gama da mai jinyar. Ranar ko abincin gidan ba ta ci ba, ta ɗaure kayanta ta ja 'ya'yanta ta koma Dagona wurin dangin mijinta. Ni kuwa har goron sallama aka ba ni, na karɓa.

Na daɗe ina fakewa da rantsuwar da na yi wa Iya. Ƙarya nake yi wa kaina, rantsuwar ta ƙare ranar da aka binne ta. Tsoro ne kawai. Tsoron a ce dillaliyar da ake yarda da ita ta shekara goma tana wawure kayan tsohuwa a ɓoye da araha.

Wajen shekara bakwai bayan haka, lokacin wayar hannu ta fara yawa, na ji a bakin wata mai kawo min kaya cewa an fasa auren 'yar mai jinyar Iya. Dangin mijin sun je Gashuwa bincike, aka ce musu uwar ɓarauniya ce. Bayan kwana biyu na shiga a-kori-kura na tafi Dagona.

Na same ta tana bandar kifi, ta rame, hayaƙi ya cinye mata ido. Ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo ruwa. Na faɗa mata komai, ina kuka kamar wata mutuniyar kirki. Ta bari har na gama.

Ta ce, "Hajiya, ai na sani. Ni nake ɗaura mata shi a wuya, kina tsammani ban ji nauyinsa yana raguwa ba? Duk ranar da kika zo sai a aike ni. Ban faɗa ba don ba ni da shaida, kuma ba zan tona mata asiri ba, ita ta raine ni. Na zaci ke za ki yi magana."

Na ce ta yafe min don Allah.

Ta ce, "Ba ni ke buƙatar wannan labarin ba. Yaya yana nan da ransa. Ki je ki faɗa masa a gaban mutanen da ya tara min, ko 'yata ta samu ta yi aure."

Na ce in sha Allahu yau ɗin nan.

Da la'asar muka iso Gashuwa. Daga tasha zuwa gidan, ɗan acaɓa ba zai yi minti biyar ba. Na tsaya da jakata a hannu, kwandasta yana ta kiran saura mutum ɗaya Nguru, saura mutum ɗaya. Na shiga na zauna.