Kakakin da Baba Ya Zaɓa Mini

Duk faɗin birnin Bahiya, daga bakin ruwa har saman tudu, jirgi bai taɓa sauke mabushi irina ba. In na cika kumatuna na saki, tantabarun coci ƙaura suke yi, kifin teku kuwa sai ya leƙo ya ga ko tashin duniya ne. Haka nake gaya wa duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da ni ina saƙar malafa, musamman ranar bikin Nasara, in ƙarar busar torombon ta gangaro daga unguwar Barroquinha ta shige mini ciki. Amma in ka tambaye ni waƙa nawa na taɓa busawa, sai in ce maka rana ta yi, mu koma inuwa.

Haƙoran manya ba su gama fito mini ba aka kawo ni ƙasar nan. Uwar da ta haife ni ban san inda ta ƙare ba. Inna kuwa jirgi ne ya ba ni ita: a cikin duhunsa ta riƙa tauna mini abinci tana sa mini a baki, har aka sayar da mu tare ga wata Baturiya da mijinta ya mutu. A ɗakin ƙasan gidanta muke kwana, inda bango ke gumi duk damina, damina kuwa a nan ba ta san ranar tafiya ba. Har yau in na ji ƙanshin manja a wuta, ɗakin nan nake gani, da Inna tana buga ƙullun ƙosan da za ta kai bakin titi.

Sai na fara tsawo. Uwargijiyarmu ta dube ni wata safiya ta ce cikina ya fi aikina girma: ko in koyi sana'ar da za ta riƙa kawo mata wani abu, ko ta sayar da ni gonar rake a ƙetaren ruwa. Wanda ya tafi rake, ba a sake tambayar lafiyarsa. Inna ta bi gari har ta samo wani wanzami, ɗan ƙasar nan ne da ya fanshi kansa. Wanzaman nan, ka sani, ban da aski da ƙaho, su ne makaɗan biki a ƙofar coci. Ya ce yana son yaro mai koyon torombon, wani dogon abin busa na tagulla da ya gani a wurin sojoji, amma sai yaron ya zo da nasa. Uwargijiya ta ce ko anini ba za ta fitar ba.

Hausawa 'yan dako na unguwar Água de Meninos suka zuba mini abin da suke tarawa don fansar kansu. Malaminmu ya ɗaure fuska da batun busa a ƙofar coci, daga baya ya ce Allah ya san wanda aka tilasta, shi ma ya kwance bakin zaninsa ya sa nasa. Batun wanda zai zaɓi abin kuwa ba a ma tsaya shawara ba, tunda akwai Baba.

Baba tsoho ne mai saƙar tabarma a inda 'yan dako ke jiran aiki. A gida, kafin yaƙi ya cinye garinsu, gadonsu ƙira da busa kakaki. Kumatunsa sun saki kamar tsohon zugazugi, kuma tun da aka sauke shi bai taɓa sa bakinsa a ƙarfe ba. Sau ɗaya muka hangi sojan da ke busa torombon daga nesa, yana ja yana turawa. Baba ya girgiza kai ya ce in dubi bawan Allah, tun safe kakakinsa ke zare masa yana mayarwa, kuma ba wanda ya tausaya masa ya gyara.

A ƙasan gari, kusa da inda jirage ke tsayawa, wani Bature mai sayar da tarkacen matuƙa ya fito mana da guda biyu. Na farko duk tabo, ya yi duhu, kuma da Baba ya karkata shi sai rabinsa ya sulale ya nufi ƙasa, da kyar na tare. Baba ya ajiye shi a hankali kamar gawa, ya ce wannan ya gama aiki. Na biyu yana sheƙi, ga nauyi. Ya ɗana masa farce ya kara a kunne, ya lumshe ido har amon ya mutu. Ya toshe bakin da tafin hannu ya hura, iska ba ta sami hanya ba. Ya bi ɗinkin ƙarfen da babban yatsa. Ya kama gaɓar ya jijjiga, ta ɗan motsa da kyar ta tsaya.

"Ɗana," ya ce, "kakaki gaɓarsa ake saya. In gaɓa ta riƙe, murya ta riƙe."

Sai ya ɗaga shi sama ya busa. Murya biyu kawai, ta ƙasa da ta sama, irin ta gida. Na ga ƙattan da ke ɗaukar gangar sukari a ka sun juya fuska bango suna share ido. Wani ya faɗi sunan garinsu a hankali. Baturen ya karɓi abin da muka kawo ko ciniki bai yi ba, har ya rako mu ƙofa, abin da Bature ba ya yi.

Kwanakin da suka biyo su ne mafi daɗi a rayuwata. Baba ya goge shi da toka da lemun tsami. Ɗan motsin da ya rage a gaɓar ya dame shi, sai ya narka kakin zuma ya ɗura, ya ɗan daddanne bakinta da guduma, ya naɗe da jar fata ya ɗinke tsaf. Ya koya mini murya biyun nan a bakin teku, har maƙwabta suka fara kai ƙara. Inna ta dinga cusa mini ƙosai wai mabushi da ciki yake busa.

Ranar gwaji wanzamin yana kan wani yana aski. Na busa masa iya ƙarfina, har wanda ake wa askin ya zabura. Wanzamin ya ce to, in ja. Na tambaye shi in ja me. Ya karɓa, ya ga fatar, ya dubi Baba. Ya bayyana mana cewa a cikin jan nan da turawa duk waƙar take, wanda ya fi santsi shi ya fi tsada, wanda ya cije kuwa sai dai a narka shi. Yaransa biyu suka kama, ɗaya nan ɗaya can, suka ja har bututun ya lanƙwashe. Baba ya tsuguna ya tsince guntayen fatarsa daga ƙasa.

Ba wanda ke da abin sake zubawa. Kafin rake ya isa yanka uwargijiya ta sayar da ni, aka sa ni a kwalekwale. Inna ta shigo ruwa har gwiwa tana miƙo mini ƙunshi, bai iso hannuna ba. Baba bai zo ba, an ce ya daina fitowa.

Da furfura na dawo, da takardar 'yanci, na rasa yatsu biyu. Inna ba wanda ya san kabarinta. A inda 'yan dako ke zama yanzu Yarbanci ake yi, wanda zai amsa maka sannu sai ka yini kana nema, kuma tun bayan tawayen bayin da aka murƙushe a bakin ruwan nan kowa ya rage murya. Torombon kuwa ya cika gari, har yaran da ba su iya ɗaura wando ba sun san ja ake yi.

Bara na sami wanzamin nan a raye, ya makance, yana shan hantsi a ƙofar shagon jikansa. Na tuna masa ko ni wane ne. Na ce masa da ba don kakin zumar Baba ba, da ban ga rake ba, da Inna ta mutu a hannuna, da yau ni ake ji daga nan har ƙetaren ruwa. Ya daɗe yana tauna dasashi kafin ya juyo da fuskarsa wajena.

"Ai na tuna busarka, ɗan Hausa," ya ce. "Ko da ya ja, ba zan ɗauke ka ba."