Kawu Ilu da Neman Auren Lakwal

Duk wanda ya san Kawu Ilu a Bande ya san aljihunsa ba ya rabuwa da goro, kuma ba a taɓa ganin ya kai ko ɓari ɗaya bakinsa ba. In ka roƙa sai ya dafe aljihun ya ce, "Wannan na magana ne, ba na ci ba." Shi ya nema wa rabin samarin garinmu aure, har abin ya shiga jininsa, komai na duniya a wurinsa neman aure ne. Kun tuna ranar da ya je sayen jaki a kasuwar Magariya? Sai da ya tambayi uwar jakin da halin ubansa. Mai jaki ya gaji ya ce, "Malam, saye ka zo yi ko surukuta?" Kawu ya ce, "Zama za mu yi da shi, ai dole in bincika."

To ni abin da ya yi mini ya fi na jakin. Shekarar da ta biyo bayan babban fari na gama koleji a Damagaram. Babanmu ya rasu, rumbu wayam, Inna da ƙannena ni suke kallo. Sai na ji makarantar mishan ta wajen Dungas tana neman malami. Inna ta ce lakwal ɗin Kirista ba zan taka ba sai yayanta ya yarda. Kawu ya ce ya yarda, amma ƙafarsa ƙafata.

Direkten, wato shugaban makarantar, Malam Bulus, Bahaushe ne Kirista daga wajen Maraɗi. Muna shiga biro, wato ofishinsa, Kawu ya zube goro a kan tebur, ya nuna mini ƙasa ya ce in zauna. Direkte ya tambaye ni da Faransanci wane kalas zan iya riƙewa. Na buɗe baki ke nan Kawu ya taka mini yatsa.

"Yaro ba ya magana a wajen nema. Ni za ka tambaya."

"Baba, ai shi zai koyar."

"Shi zai zauna, ni nake bayarwa. Kai ɗan wane gida ne? Kuna da hauka a dangi?"

Wayyo ni! Na so ƙasa ta tsage in shige. A raina na ce shi ke nan, aiki ya tafi. Amma Malam Bulus ya gyara zama ya kawo sunan ubansa da na kakansa. Kawu ya gindaya sharuɗɗa: azahar da la'asar a kan lokaci, Juma'a a sake ni, kuma ba a kai ni coci ko da ɗaukar benci ne. Direkte ya amsa duka. Kawu ya shafa fatiha shi kaɗai ya ce, "Mun ba ku." Sai da ya fita duba jakinsa aka samu aka yi mini tambayoyin, a gurguje.

Aka ɗauke ni, hatsi ya fara shiga gidanmu. Mutanen sun riƙe alkawari, har wani ɗan ɗaki suka share mini don salla. Sai ranar da ruwan farko ya sauka, na sallami yara da hantsi su je su taya iyayensu shuka. Direkte ya yi mini faɗa a gabansu. Zuciya ta ɗebe ni, na naɗe tabarmata sai Bande.

Kafin gari ya waye na huce, na ɗaure kaya zan koma. Kawu ya tare ƙofa da sandarsa.

"Ina zuwa? Ba yaji ka yi ba? Zauna sai sun zo biko."

"Kawu, lakwal ce fa! Wani za su ɗauka!"

"Wanda na bayar da hannuna ba ya komawa da ƙafarsa."

Kwana da kwanaki ina zaune kamar amarya. In na ga Inna tana auna hatsi sai in shiga lissafin kwanakin da zai kai mu. Na tsorata ƙwarai, don na san masu neman gurbin nan sun fi a ƙirga.

Rannan da la'asar sai ga ƙarar mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗin nan. Malam Bulus ne, ya goyo wani dattijon cocinsu don ya yi magana a madadinsa! Kawu ya shimfiɗa tabarma, ya wanke direkte tas kan faɗa a gaban yara, ya juyo ya wanke ni kan fita ba sallama, sannan ya ce in tashi in bi mutanena. Wallahi da gudu na shige ɗaki don daɗi.

Ina ɗaure kaya na ce masa a hankali, "Kawu, da bai zo ba fa?"

Ya waiga ya ga ba mai ji, ya ce, "Na riga na ari amalanke. Gobe da safe da na kai ka, in durƙusa masa. Ƴar'uwata ba za ta kwana da yunwa saboda girman kaina ba."

A lakwal ɗin nan na yi furfura, da ita na aurar da ƙannena. Allah Ka jiƙan Kawu Ilu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka karɓe shi hannu biyu ba tare da dogon bincike ba. Amin.