Baban Fitila Ya Miƙa Filaya

Kafin sauran masu shagunan layin su buɗe, shi ya riga ya share ƙofar nasa. Sai ya fito da bencin katako ya jingina da bango, ya ɗauki tsumma ya bi fitilun da ke jere a kan kanta yana gogewa: masu zagaye, da dogaye irin na saman rufi, da rawaya da ake maƙalawa ƙasa-ƙasa. Daga nan ya zauna da kofin shayinsa, tabarau a karan hanci, yana warware waya yana jiran motar farko. Haka na same shi ranar da na fara zuwa ina sabon direba, haka kuma yake har makon jiya, da ni ma furfura ta ci rabin kaina. Wayarin mota ne sana'arsa, amma duk mai shiga daji da mota da Baban Fitila ya san shi.

Ni direban masu haƙa rijiyar burtsatse ne. Inda kwalta ta ƙare, nan aikinmu yake farawa. Da aka damƙa mini motar ɗaukar bututu, sai na nufi shagonsa da ƙarfina.

"Baba, wadda ta fi kowacce haske nake so."

Bai ko kalli kantar ba. Ya ce, "Ina kake zuwa da motar?"

Na faɗa masa: gonaki, kwazazzabai, hanyar shanu.

"To gudun me za ka yi a cikin ramuka, ɗan nan? Mai hango nesa ta wanda ke sheƙa gudu a fili ce. Kai gefenka kake son gani, kututture da bakin rami da saniyar da ta kwanta tana tuƙa."

Ya ɗaura mini biyu masu baza haske a kan bamba, da wata 'yar ƙarama a baya don ja da baya. Ta saman rufi da na ƙyalla ido a kanta kuwa, cewa ya yi a irin motata haskenta kan bonet zai sauka ya dawo mini ido, in zama makahon da ya sayi makantarsa da kansa. Na yi dariya, na bi maganarsa. Shekara da shekaru ke nan, ban taɓa kwana a rami ba.

Wanda bai san shi ba, sai ya ce yana da tsawwalawa. Ba ya taɓa fitila sai ya fara duba batir da abin cajinsa, don a cewarsa ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi. Kowace fitila da fiyus ɗinta, wayarta mai kauri, a cikin roba, nesa da zafin inji. In ya ga inda wani ya murɗa waya biyu ya naɗe da leda, sai ya cire tabarau ya daɗe yana kallo, kamar an nuna masa gawa.

Akwai wata rumfa a bayan shagon da in an ja ƙofa take duhu ko da rana tsaka. A nan yake saita haske a jikin bango mai layukan alli. A nan kuma yake yin abin da ya sa sunansa ya zaga tasha. In ya gama ɗaurawa, sai ya sauko da mai motar ya tsayar da shi a gabanta, sannan ya kunna. Mai walda na kusa da shi ya ba ni labarin wani ɗan kwalisa da ya zo da sabuwar jif, ya nace sai an jera masa manyan fitilu, a haɗa su da na ainihi su riƙa kamawa tare. Baba ya ce to, ya ɗaura, ya tsayar da shi, ya danna makunni. Sai ga saurayi ya dafe fuska yana tangaɗi.

"Wayyo Baba, kashe! Kashe!"

"Kai da kake tsaye a ƙasa ke nan. Mai babur da ya goyo matarsa da jariri fa, ina zai sa kansa?"

Saurayin na murza ido yana dariya ya ce a raba musu makunni. Baba ya raba, ya haɗa masa da murfi, ya ce, "Na daji ne. Tayarka na taɓa kwalta, ka kashe." Yanzu saurayin ne ke kawo masa abokansa, shi ke tura su gaban mota da hannunsa.

Amma labarin da ya sa na ɗauki alƙalami daga bakin wata ungozoma na ji shi, ranar da muka je haƙa rijiya a ƙaramin asibitin ƙauyensu. Ta ce direban motar asibitin ya taɓa zuwa wajen Baba neman farar fitila mai nisa. Baba ya tambaye shi yaushe hanyarsu ta fi wuya, ya ce da damina. Sai ya ba shi rawaya guda biyu, ya sa su can ƙasa, ya ce farin haske in ya haɗu da ruwan sama labule yake zama, wannan kuwa ƙasa take bi tana lalube. Direban ya tafi yana ƙunƙuni, wai an mayar masa da mota kamar mai ciwon shawara.

Ran nan da la'asar sakaliya hadari ya rufe gari, ga mace a kan gwiwa haihuwa ta zo da gardama, dole a kai ta babban asibiti. Ungozomar na baya tana riƙe da ita, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya. Ta ce ita dai ta ji an taka birki har ta dafe ƙarfe. Direban ya leƙo ya ce, "Inna, rabin gada ya tafi." Rawayan hasken ne ya nuna masa inda ƙasa ta yanke, taku kaɗan a gabansu. Ya ja da baya, ya bi ta tudu ta cikin gonaki, suka isa. Tagwaye aka haifa, uwa lafiya, 'ya'ya lafiya. Da mijin matar ya biyo sawu har shago don godiya, Baba ya miƙa masa shayi ya ce, "Allah ne ya tsare. Sai direba da ya taka birki. Ni ƙusa kawai na ɗaure."

To Baba, yau ba ka da wurin ɓuya. Kai ne ka ɗaure ƙusar, kai ne kuma ka tsaya ka tambayi damina kafin ka miƙa hannu kan kanta. Kai ne mai mayar da ciniki in ka ga zai cuci wani a hanya. Gwanin filaya, dattijon da ba ya aikin ganin ido. Mu da muke dawowa gida 'ya'yanmu su tare mu a ƙofa, mun san hannun da ke cikin dawowar.

Mai ɗakinsa kam nata ra'ayin daban ne. Ranar da na kai masa ziyara gida, ta kawo mana ruwa ta ce, "Ku dai yaba shi. Ya haska duniya, ni ƙwan lantarkin kicin ɗina ya mutu tun bara, da tocila nake duba tukunya." Ya ce ai yana nazarin irin wanda ya dace ne. Ta ce, "To Malam, ka tambaye ni ina zan je da kicin ɗin mana!" Har shi sai da ya ƙware don dariya.

Yanzu bayansa ya ƙi, shiga ƙarƙashin mota ya gagara. Makon jiya ya miƙa shagon ga 'yarsa ta biyu, wadda ta tashi a gindin bencin nan, ta je ta yi karatun lantarki, ta dawo da 'ya'yanta biyu da nata akwatin kayan aiki. Direbobi Injiniya suke ce mata. Mu kuma muka haɗa baki ba da saninsa ba. Ana idar da magariba muka jero motocinmu a layin: tawa, da ta asibiti, da ta likitan dabbobi, da na masu kai taki gona, har da jif ɗin ɗan kwalisa. Injiniya ta riƙo hannunsa ta fito da shi, muka kunna gaba ɗaya, kowa haskensa a ƙasa yadda ya koya mana. Layi ya yi fes, mata na guɗa, yara na tsalle. Ya tsaya yana kallo. Muka zuba ido mu ji jawabi. Sai ya nuna motar likitan dabbobi.

"Waccan ta hagu ta karkace. Ke, ba ni sifana."

Injiniya ta ce, "Baba, ai ka ajiye aiki."

"Gobe na ajiye."

Ya durƙusa da kyar ya gyara ta, muka ɗaga shi muna tafi. Sannan ya zaro tsohuwar filayarsa daga aljihu, wadda robar hannunta ta cinye, ya sa wa 'yarsa a tafin hannu ya rufe da nasa.

Mun gode, Baba. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya, ya sa wa Injiniya albarka a abin da ka bar mata. Ku kuma masu sana'a, ko allura kuke riƙewa ko guduma, ku yi koyi da shi: ku ba mutum abin da zai amfane shi, ku kuma tuna da wanda aikinku zai shafa ko da bai taɓa taka ƙofarku ba. In hanya ta biyo da ku ta layin, ku tsaya ku gaishe shi tun yana jin gaisuwa da kunnensa. Yabon da aka yi wa mutum yana raye, shi ne wanda yake iya kai wa iyalinsa gida.