Takardar da Renata ba za ta taɓa karantawa ba

Shekara huɗu Renata Pruitt ta yi tana karatun falsafa da tarihi a wata ƙaramar kwaleji a jihar Ohio, don a can ba a shiga makarantar lauyoyi sai da digiri a hannu. Jarrabawar shiga makarantar lauyoyin ta ci. Saura takardar shaida daga malamin da ya san ta, kwana shida a rufe karɓa.

A fom ɗin neman shiga akwai wani ɗan akwati da ake jan layi a ciki: ki yarda ba za ki taɓa ganin abin da malamin ya rubuta ba. In kin ƙi, masu tantancewa su ce kina ɓoye wani abu.

Babanta Dale, direban motar 'yan makaranta, yana cin gasasshen burodi da cuku ta gaya masa.

"Ki sa hannu kan abin da ba ki karanta ba? Kuma wai lauya za ki zama?"

"Baba, don Allah."

"Wa zai rubuta?"

"Halvorsen."

Ya ajiye burodin. "Tsohon da kika kunyata?"

Shi fa. Malamin tarihi, wanda ta tsayar da shi gaban aji ta ce ya yi kuskuren shekara, ta buɗe littafi ta nuna masa. Tun ranar ba ya kiran sunanta, sai dai "mai gyara". Amma aji huɗu ta yi a hannunsa, babu wanda ya san rubutunta kamarsa.

Ranar Talata ta same shi a ofis. Ko kujera bai nuna mata ba. Ta miƙa masa fom ɗin.

"Mai gyara. Akwatin nan babu komai."

"Ina so in san me za ka ce, Farfesa."

"To nemi wani. Ni ba na rubuta takardar da za a gyara mini."

Wa za ta nema cikin kwana huɗu? Ta ɗauki bironsa, ta ja layi a akwatin, ta sa hannu.

"Gaskiya zan rubuta," ya ce.

"Ita nake tsoro."

A watan Maris makaranta ɗaya cikin biyar ɗin da ta nema ta ɗauke ta. Ko takardar ce ta shigar da ita, ko ita ta rufe mata sauran huɗun, har yau ba ta sani ba. Ranar yaye ɗalibai Halvorsen ya miƙo mata hannu.

"Renata," ya ce, ya wuce.