Dutsen da Ya Gagari Tanko

Bana shekara goma sha biyar ke nan da muka rufe Tanko, abokina da muka zo aikin Hajji tare muka manta hanyar gida. Ni aji uku na yi a elementare malamai suka gaji da ni, amma ko wanda ya yi bakwai ba zai fassara mini abin da na gani makon jiya ba.

Tanko maginin garke ne. A bayan Jidda ya yi wa wani Balaraben ƙauye shingayen awaki, dutse kan dutse, ba siminti ba laka. A tsakiyar babban garken akwai wani ƙaton dutse da ya tare wa awaki wurin kwanciya. Tanko ya sare shi da guduma har ƙota ta karye. Ya hura masa wuta ya kwara ruwa. Ya ja shi da motar maigida. Ko gezau. Daga nan kullum da safe sai ya gaishe shi: "Ina kwana, ɗan banza?"

Awaki suka ƙare, shinge ya zube, Tanko ya tafi. Kabari a ƙasar nan kuwa ba suna, ba alama.

Kwatsam 'yarsa Hajara ta zo mini unguwarmu Waziriyya da motar mijinta. "Yalla, ya Ammi," ta ce da Larabci, wato mu je Baffa, "an gyara garken Baba. Ka nuna mini inda hannunsa ya taɓa."

Jikan Balaraben ne ya gyara, wai ya karanto zane a Turai. Ya tada shingayen tsaf, amma ko bunsuru babu. Sai ma manyan duwatsu da ya sa aka kawo, ɗaya a tsakiyar kowane garke, don su yi kama da na farkon. Mutane na ɗaukar hoto suna magana ƙasa-ƙasa kamar a gidan makoki. Na tambayi mai gadi ko duwatsu ake kiwo yanzu. Ya ce fasaha ce. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya. Da Tanko zai leƙo, dariya zai yi ko guduma zai nema? Wallahi ban sani ba.

Na zagaya shingen ina shafawa. An sauke an sake jerawa, na kasa rarrabe ajiyarsa da ta jiya. Hajara na biye da ni tana jiran in nuna. In na nuna kowanne, na yi wa marainiya ƙarya.

Na jingina da ɗan banzan na asali don in huta, tafina ya faɗa cikin wani gurbi. Saran guduma ne, birjik.

"Zo, 'yata. Nan."

Ta sa yatsunta a ciki. Mai gadi ya taso zai hana, ya ga fuskarta, ya koma ya zauna.

Abin da Tanko ya gina da gwaninta ya ɓace cikin aikin wasu, wanda ya gagare shi kuwa shi ya riƙe masa sawun hannu. Wannan hisabin ya fi ƙarfin aji uku. Kafin mu tafi dai na cika masa al'ada: "Ina wuni, ɗan banza?"

Allah ya jiƙan Tanko, ya sauƙaƙa masa nauyin ƙasa.