Ranar da Dorina ta Kife mu a Faro

Mu biyar ne a ƙungiyarmu ta masu fatsa, kuma ni ne na ƙarshen shiga. Kayan gyaran mota nake sayarwa a Garwa, a shagon da mahaifina ya bari, shi ma ubansa fatauci ya kawo shi daga Kano ya zauna. A gidanmu kifi abin sayowa ne a bakin gada, ba wanda ya taɓa kama shi don nishaɗi. Wanda ya ja ni ciki wani dattijo ne Bafulatani, likitan haƙori, da ke zuwa neman kayan tsohuwar motarsa. Dokta muke ce masa. A Faransa ya yi karatu, can ya koyo irin fatsar da ba a sa mata tana: ana ɗaura gashin tsuntsu a jikin ƙugiya da zare har ta yi kama da ƙwaro ko ɗan ƙaramin kifi, sai a riƙa kaɗa doguwar igiya a sama, gaba da baya, a sake ta a kan ruwa. Da Faransanci mush ake ce wa ƙugiyar, mu ma haka muke cewa.

Sauran ukun su ne wani bakanike mai ƙaton ƙirji da saurin fushi, da malamin makaranta da ya yi ritaya, da wani direban babbar mota mai ɗauko siminti daga Figil. Duk Asabar bayan la'asar muna zama a garejin bakanike, a bayan motocin da aka tuɓe wa tayu, muna ɗaurin mush muna shan shayi. Gashin zabi da na zakara daga kasuwar Pitowa direba yake kawo mana. Magana kuwa ta fara da Fulatanci ta ƙare da Faransanci, in an zo zolaya a koma Hausa.

Dokta yakan ba mu labarin rafukan Turai masu sanyi, inda mutum zai tsaya cikin ruwa har cinyoyinsa su mutu, kifin kuma ya zo ya ɗauki mush a hankali kamar mai jin kunya. Namu ba haka suke ba. Tsage muke nema, kifi mai haƙora kamar ƙusoshi, wanda sai an sa waya a bakin igiya in ba haka ba ya datse ta. In ya cafki mush, sai ka ji kamar an fizge maka hannu daga kafaɗa. Na ga tsage ya yanke ɗan'uwansa biyu a gabana, rabin yana ta motsi a saman ruwa.

Shekarata ta uku a cikinsu muka shirya tafiya kogin Faro. Rani ne, ruwa ya ja baya, ya yi garau. Muka sauka a wani ƙauyen masunta, muka sami wani tsoho mai kwalekwale, siriri, mai furfura a gemu, muna ce masa Baba. Da safe ya nuna mana inda za mu tsaya a kan yashi mu yi jifa, ya kuma nuna wani gurbi mai zurfi a ƙarƙashin duwatsu ya ce can kada mu je. Akwai dorina guda da ta ware daga garke, manoma sun soke ta da mashi a gonar masara, tun daga nan ba ta barin komai ya wuce ta kanta.

Muka yi jifa daga yashi har hantsi ya ɗaga. Bakanike ya kama biyu, malam ya kama ɗaya, ni ko taɓawa ba a yi min ba. Kuma ina kallon manyan tsage suna fasa ruwa a bakin gurbin nan, suna korar ƙananan kifi. Shekara uku ban taɓa kama babba ba, kullum ni ake zolaya a gareji. Na je na sami Baba na ce ya kai ni ta gefen can kawai, ba sai mun shiga zurfin ba. Ya ƙi. Na matsa, na ce ai dorina da rana barci take yi. Dokta ya ji mu, ya yi dariya ya ce zai raka ni don kada in dawo in yi musu ƙarya. Da Baba ya ga dattijo ya sa baki, sai ya tura jirgin cikin ruwa.

Jifa na uku kifi ya kama. Igiya ta fita da gudu har ta ƙona min yatsa. Ya yi tsalle sama, na ga jan wutsiyarsa da faɗin jikinsa, ban taɓa ganin irinsa ba. Ya nufi zurfin, kuma kwalekwalen ƙarami ne, sai ya fara jan mu. Baba ya kafa filafili yana ja da baya.

"Alhaji, yanke igiyar," in ji shi.

Na ce ya ba ni minti ɗaya.

"Yanke ta, ɗana."

Wuƙa na rataye a wuyana. Ban taɓa ta ba.

Ban ga fitowar dorinar ba. Na dai ji an doki jirgin daga ƙasa, ƙafafuna suka bar katako, sai ga ni cikin ruwa, sama da ƙasa sun cakuɗe. Da na fito da kai na ga bakinta a buɗe, ja jawur, da haure kamar taɓare. Ta rufe shi a tsakiyar kwalekwalen, katakon ya fashe da ƙara kamar an harba bindiga. Ta girgiza kai ta watsar da guntayen. Wani gungume ya doke ni a goshi, jini ya rufe min ido ɗaya. Na yi ta dukan ruwa har hannuna ya kama dutse, na ja jikina sama, fatar gwiwoyina ta saɓule ban ji ba.

Daga kan dutsen na ga Dokta. Yana iyo a hankali irin na wanda ya iya, ya nufi yashi. Ta biyo shi. Ta kama shi a ƙafar hagu ta ɗaga shi sama ɗungurungum, ta kaɗa shi hagu da dama kamar yadda kare yake yi da tsumma, ta nutse da shi. Ruwan wurin ya yi ja. Bai yi ihu ba, ko kuma ban ji ba saboda nawa ihun. Can ya taso a gefe, fuskarsa a ƙasa. Direba ne ya shiga ruwa har wuya ya kamo rigarsa, malam yana jifan dorinar da duwatsu, tana huci tana fesa ruwa, har ta juya ta koma gurbinta.

Na bi duwatsu na zagayo zuwa yashin. Ƙafar Dokta daga gwiwa zuwa ƙasa ba ta da siffar ƙafa. Ƙashi ya fito fari, jini yana tsartuwa. Ya amayar da ruwa, ya buɗe ido, cikin ƙaramar murya ya ce wa malam ya cire bel ɗinsa ya ɗaure cinyar, ya sa sanda ya murɗa har jinin ya tsaya. Shi da kansa ya ce a duba agogo.

Muna cikin haka Baba ya ɓullo daga ƙasan kogi, inda ruwa ya kai shi, yana tafe a duƙe yana riƙe da haƙarƙarinsa. Bakanike daga yashi ya ga jirgi ya shiga zurfi, ya kuma ga Baba ya yi ƙasa shi kaɗai. A ganinsa tsohon ne ya kai mu, sannan ya gudu ya bar mu. Ya ɗauki guntun filafili da ruwa ya kawo ya tare shi. Dukan farko a kafaɗa, na biyu a baki. Tsohon ya faɗi, bakanike ya ci gaba da dukansa a ƙasa, yana zaginsa da Fulatanci, yana shurinsa a wurin da yake riƙewa. Baba bai kare kansa ba. Sau ɗaya ya ɗago kai ya dube ni, bakinsa cike da jini da yashi.

Ina tsaye taku biyar daga wurin. Kalma ɗaya ta isa. Ban faɗe ta ba. Direba ne ya rungume bakanike ta baya ya kayar da shi, ya ce in yana son Dokta ya rayu ya je ya tayar da mota.

Muka shimfiɗa Dokta a bayan mota, kansa a kan cinyata. Hanyar daga kogi zuwa kwalta duk ramuka ce da duwatsu, kowane rami sai ya cije leɓe. A ƙaramin asibitin da muka fara tararwa aka sa masa ruwa aka naɗe ƙafar, aka ce mu wuce Garwa. Muka iso ana kiran magariba. Washegari aka yanke ƙafar a saman gwiwa.

Bayan mako guda muka ji ma'aikatan gandun daji sun harbe dorinar. An ce sai da aka yi mata harsashi da yawa, kuma da aka feɗe ta an sami kan mashi a kafaɗarta, wurin ya ruɓe yana tsutsa. Ƙauyuka uku suka raba naman.

Dokta bai gaya wa kowa abin da ya faru a cikin jirgin ba. Da na je duba shi na fara magana, sai ya ɗaga hannu ya ce shi da ƙafarsa ya shiga, ba wanda ya ɗauke shi. Amma ya tambaye ni yaya tsohon yake. Na ce ban sani ba.

Asabar ta uku na je gareji. Su ukun suna zaune, ba wanda ya fito da kayan ɗaurin mush. Na tsaya na faɗa musu duka: Baba ya hana, ni na matsa, sau biyu ya ce in yanke igiya na ƙi. Bakanike ya tashi a hankali ya zo gabana.

"Kana tsaye ina dukansa," ya ce.

Na ce ina tsaye.

Ya naushe ni a baki. Na faɗa kan tulin tsofaffin tayu, haƙorina na gaba ya karye. Ya ɗaga ƙafa zai taka ni, sai ya fasa, ya zauna a ƙasa cikin baƙin mai ya rufe fuskarsa da hannuwa. Malam ya miƙo min ruwa na kurkure baki. Ba wanda ya ba ni haƙuri, ban kuma nema ba.

Mu biyu muka koma ƙauyen, ni da bakanike, da sabon kwalekwale a ɗaure a saman mota. Muka tarar da Baba a kwance a zaure, an ɗaure masa ƙirji da zane, haƙarƙari uku sun karye, ba a san wanne ne na dorina wanne ne na shuri ba. 'Ya'yansa maza suka taru a ƙofa, ɗaya da adda a hannu, sai da mai gari ya zo ya zauna tsakani. Muka durƙusa. Bakanike ya yi magana, ni ma na yi. Baba ya saurara har muka gama, ya tambayi jikin Dokta, muka gaya masa. Ya ce Allah ya ba shi lafiya. Game da jirgin ya ce a sauke a ajiye, yara za su yi amfani da shi, shi ya gama shiga ruwa.

"Na yafe dukan," ya ce wa bakanike. Sannan ya juyo gare ni. "Kai kuma, Alhaji, ka je tukuna."

Na koma sau biyu bayan haka. A na biyun aka ce ya koma wurin 'yarsa a wani gari, ba a faɗa min sunan garin ba.

Bakanike ya bar ƙungiyar, ya raba sandunansa na fatsa. Muna gaisawa in ya zo sayen kaya, yakan tsaya ya sha ruwa. Zaman Asabar ya koma barandar Dokta. Bayan shekara Dokta ya sa aka kai shi tafkin Lagdo, muka kafa masa kujera a bakin ruwa, ya yi jifa daga zaune, igiyarsa tana zuwa nesa fiye da tawa. Ranar ƙananan karfasa huɗu ya kama. Ni na cire masa su daga ƙugiya, direba ya soya mana su a wurin, muka ci da barkono muka kama hanyar gida tun rana ba ta faɗi ba.